Tambayoyin Masu Karatu: Na Ɗaga Babbar Manhaja, Shirye-shiryena Sun Daina Ganin Laburare

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi: manhajar da take aiki lafiya lau jiya ta ƙi tashi yau, kuma abin da ya shiga tsakanin jiya da yau shi ne ɗaga babbar manhajar kwamfuta, wato irin Linux ko macOS ko Windows, zuwa sabon zubi. Na zaɓi shida daga cikinsu, na rage tsawon wasu, amma na bar saƙonnin kuskuren kamar yadda kwamfuta ta rubuto su da Turanci, domin a irin wannan matsala kowane harafi da kowace lamba suna da abin da suke faɗa. Ga wanda bai saba ba, abin da masu rubuta manhaja suke kira laburare wani fayil ne da aka tara ayyukan da manhajoji da yawa suke buƙata a cikinsa, kamar ɓoye sirrin saƙo, ko matse fayil, ko lissafi mai zurfi, ta yadda kowace manhaja za ta riƙa ara maimakon ta ɗauki nata a ka. A Linux sunan irin wannan fayil yana ɗauke da .so, a macOS yana ƙarewa da .dylib, a Windows kuma da .dll.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da wata manhajar ajiyar bayanai da na daɗe ina aiki da ita a kan Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux. Da na ɗaga kwamfutar zuwa 22.04 sai ta daina buɗewa, tana rubuto mini "error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory". Na duba na ga akwai libssl.so.3, kuma wani abokin aikina ya ce in ƙirƙiri fayil mai nuni da tsohon sunan, ya riƙa nuna sabon, shi ke nan an wuce wurin. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka bi wannan shawara, ɗan'uwa, ko da yake na san dalilin da ya sa take da daɗin ji. Bari mu fara da abin da saƙon yake faɗa. A ranar da aka gina manhajarka an rubuta a cikin fayil ɗinta cewa tana buƙatar laburare mai suna libssl.so.1.1, kuma duk lokacin da ka buɗe ta akwai wani ƙaramin shiri na babbar manhaja, wanda za mu kira mai lodi, da yake karanta wannan jerin buƙatu ya je ya nemo kowanne kafin manhajar ta yi ko motsi. Shi libssl ɓangare ne na OpenSSL, laburaren ɓoye sirrin saƙo. Ubuntu 20.04 ta zo da OpenSSL 1.1.1, ita kuwa 22.04 da ta fito a watan Afrilun 2022 ta koma OpenSSL 3.0, kuma a wajen ɗaga zubi akan nemi izininka a share tsoffin ƙunshin da sabon zubin ba ya ɗauke da su. Mai lodi ya nemi suna bai samu ba, sai ya tsaya. Iyakar abin da ya faru ke nan. Bayananka suna nan yadda ka bar su.

Lambar da take bayan .so alkawari ce tsakanin masu laburare da masu amfani da shi. Muddin lambar ba ta canza ba, suna iya gyara kurakurai su ƙara sabbin ayyuka, amma ba za su cire tsohon aiki ba, ba kuma za su sauya yadda ake kiransa ko tsarin bayanan da yake karɓa ba. Ranar da suka ga dole sai sun karya wannan alkawari sai su canza lambar, domin tsohuwar manhaja ta ƙi tashi a fili maimakon ta tashi ta yi ɓarna a ɓoye. To, idan ka laƙaba wa libssl.so.3 sunan libssl.so.1.1, ka toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane. A kan OpenSSL ma dabarar ba za ta kai ka ko'ina ba, saboda kowane aiki a cikinsa yana ɗauke da tambarin zubi, don haka saƙon zai canza ne zuwa wani da yake cewa ba a sami OPENSSL_1_1_0 ba. Wannan ma sa'a ce. Laburaren da ba shi da irin wannan tambari shi ne abin tsoro, domin manhajar za ta buɗe, ka yi murna, sannan bayan kwanaki ta riƙa mutuwa ba gaira ba dalili, ko ta rubuta gurɓataccen bayani a cikin ajiyarka, a lokacin da ka riga ka manta da inkiyar da ka ƙirƙira, balle ka zarge ta.

Kafin ka gyara komai, ka fara sanin girman matsalar. Mai lodi yana tsayawa ne a kan laburare na farko da ya rasa, don haka saƙo ɗaya da ka gani ba ya nufin abu ɗaya ne ya ɓata. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta ldd sannan sunan fayil ɗin manhajar. Zai jero maka duk abin da take buƙata da inda aka samo kowanne, kuma duk layin da ka ga "not found" a gabansa to wani giɓi ne. Idan manhajar ta fito daga inda ba ka amince da shi ba, ka yi amfani da readelf -d maimakon ldd, ka duba layukan da aka rubuta NEEDED, domin ldd yana iya sa fayil ɗin ya yi aiki a wasu yanayi, shi kuwa readelf karantawa kawai yake yi. Umarnin ldconfig -p kuma zai nuna maka duk laburarorin da babbar manhaja ta san da su a yanzu. Kada ka yi mamaki idan ka ga ba libssl kaɗai ba ne, domin a tsakanin waɗannan zubi biyu libffi ya tashi daga 7 zuwa 8, laburaren ICU na sarrafa haruffan harsuna kuma ya tashi daga 66 zuwa 70.

Game da magani, abu na farko da nake ba ka shawara ka duba, wanda mutane da yawa suke tsallakewa, shi ne rumbun da ka samo manhajar tun farko. A lokacin ɗaga zubi Ubuntu tana kashe duk rumbunan ƙunshi na waje da ka ƙara da hannunka, ba ta kuma kunna su da kanta bayan an gama. Sakamakon haka sai komai na kwamfutar ya sabunta ban da manhajar da ta zo daga waje, wadda za ta zauna da ginin da aka yi wa 20.04. Ka leƙa cikin /etc/apt/sources.list.d, ka nemo rumbun masu manhajar, ka canza sunan zubi daga focal zuwa jammy idan sun tanadi nasa, ka kunna shi, sannan ka sake girka manhajar. A mafi yawan lokuta nan maganar take ƙarewa. Idan kuma kana da asalin rubutun manhajar, ka sake gina ta a kan sabon zubin, za ta ɗaure kanta da libssl.so.3 ta hanyar da ta dace.

Saura yanayi mafi wuya, wato masu manhajar sun daina kula da ita, kai kuma ba ka da asalin rubutun. A nan za ka iya samo ainihin tsohon laburaren daga rumbun Ubuntu na hukuma, ka ajiye libssl.so.1.1 da abokin tafiyarsa libcrypto.so.1.1 a wata folda ta manhajar ita kaɗai, sannan ka rubuta ɗan gajeren fayil na tayarwa da zai saita LD_LIBRARY_PATH zuwa wannan folda ga wannan manhaja kawai. Kada ka sa wannan saiti a .bashrc ko wani wuri da zai shafi kwamfutar baki ɗaya. Ka kuma sani cewa wannan lallaɓawa ce, domin masu OpenSSL sun daina fitar wa jama'a gyaran tsaro na zubin 1.1.1 tun watan Satumbar 2023. Idan manhajar tana hulɗa da intanet, ni dai ba zan bar ta a haka fiye da lokacin da zai ishe ni kwashe bayanaina zuwa wata ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce, ina da aikin da na rubuta da harshen C, ina gina shi da CMake. Bayan na koma 22.04 daga 20.04 ginin ya tsaya da "/usr/bin/ld: cannot find -lcurl", alhali ldconfig ya nuna mini libcurl.so.4 yana nan. Da na yi ta fama na wuce wannan, sai ga "multiple definition of" har layi goma sha wani abu, kuma ban taɓa ko harafi ɗaya a rubutuna ba.

Amsa: Barka kadai, Malama. Matsalarki ta sha bamban da ta mai tambayar farko, kuma gane wannan bambanci shi ne rabin aikin. Shi mai lodi ne ya tsayar da shi a lokacin buɗe manhaja, ke kuwa mahaɗi ne ya tsayar da ke a lokacin gini, wato shirin nan mai suna ld da yake ɗaure gutsattsarin da mafassari, mai juya rubutunki zuwa harshen inji, ya fitar da laburarorin da suke buƙata. Su biyun ba suna ɗaya suke nema ba. Mai lodi yana neman suna mai lamba, irin libcurl.so.4. Mahaɗi kuwa idan kika ce masa -lcurl, sai ya nemi libcurl.so marar lamba, ko libcurl.a, kuma wannan suna marar lamba ba ya zuwa tare da laburaren da ake amfanin yau da kullum da shi. Yana zuwa ne a ƙunshin masu gini, wanda a Debian da Ubuntu sunansa yake ƙarewa da -dev, a Fedora kuma da -devel, tare da fayilolin .h. Yakan faru a cire irin wannan ƙunshi a wajen ɗaga zubi idan ya ci karo da sabbin ƙunshi. A naki yanayin libcurl4-openssl-dev ne za ki girka. Nan gaba idan ba ki san sunan ƙunshin ba, apt-file search tare da sunan fayil ɗin zai gaya miki.

Tun da kin ambaci CMake, akwai abin da nake so ki yi kafin komai: ki share foldar gini gaba ɗaya, ki fara sabo. CMake yana binciko laburarori sau ɗaya ne, ya rubuta cikakkiyar hanyar kowanne a fayil mai suna CMakeCache.txt, daga nan kuma ba ya sake tambaya. Bayan ɗaga zubi wannan fayil yana cike da adireshin gidajen da aka riga aka rushe, shi ya sa wasu suke ganin "No rule to make target" tare da sunan laburaren da babu shi. Haka nan gutsattsarin .o da tsohon mafassari ya fitar ba su da amfanin ajiyewa. Na sha ganin wanda ya kwana yana gyaran CMakeLists.txt alhali ba abin da ya same shi, tsohuwar foldar gini ce kawai take masa gardama.

Shi kuwa "multiple definition" labarinsa daban ne, kuma a nan sai ki yi haƙuri, domin kuskuren a rubutunki yake tun asali, tsohon mafassari ne yake rufa miki asiri. Ubuntu 20.04 tana amfani da mafassarin GCC 9, 22.04 kuma da GCC 11, a tsakaninsu akwai GCC 10 na shekarar 2020 wanda ya canza wata tsohuwar ɗabi'a. A da, idan kika rubuta int adadi; a cikin fayil ɗin .h, sannan fayilolin .c guda biyar suka jawo shi, mafassari yakan bar mahaɗi ya narkar da su biyar ɗin su zama abu ɗaya. Daga GCC 10 an daina wannan sassauci, kowanne ya zama ma'ana mai zaman kanta, mahaɗi kuma ya ga abu ɗaya an ayyana shi sau biyar. Gyaran da ya dace shi ne ki sa kalmar extern a gaban wanda yake cikin .h, sannan ki ayyana shi sau ɗaya tak a fayil ɗin .c guda. Ƙara -fcommon a umarnin gini zai dawo da tsohuwar ɗabi'ar, kuma ban ga laifinsa ba ga wanda ya gaji tsohon aikin wani mai fayiloli ɗari, amma ke da kike koyo gara ki gyara da hannunki.

Ba ki tambaya ba, amma ina tsammanin za ki haɗu da "undefined reference to" nan gaba. Idan kin gan shi alhali laburaren yana nan, ki fara duba jerin umarnin. Mahaɗi yana karantawa daga hagu zuwa dama, kuma yana ɗaukar laburare ne idan wani abu da ya gabace shi ya riga ya nuna buƙatarsa, saboda haka -lm ko -lcurl suna zuwa ne bayan fayilolinki, ba gabansu ba.

Tambaya: Malam, ni abin nawa a juye yake. A kwamfutata da na ɗaga zuwa Ubuntu 24.04 komai yana aiki. Amma idan na gina shirin na tura shi uwar garke da take kan Debian 11, sai ta ce "version GLIBC_2.34 not found". A da haka nake yi ba matsala. Zan iya kwafo libc.so.6 daga kwamfutata in ɗora a kan na uwar garken?

Amsa: Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka taɓa libc.so.6 na uwar garken da hannu. Kusan kowane umarni a Linux, har da ls da cp da sudo da shirin da kake shiga uwar garken da shi daga nesa, a kan wannan fayil yake tsaye, kuma shi da mai lodi tare aka gina su, dole zubinsu ya zo ɗaya. Wanda ya musanya ɗaya ya bar ɗaya yakan wayi gari da na'urar da ko umarnin mayar da tsohon fayil ɗin ba ta iya gudanarwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Alkawarin glibc, wato laburaren da libc.so.6 yake cikinsa, hanya ɗaya yake bi: shirin da aka gina a kan tsohon zubi zai yi aiki a kan sabo, amma wanda aka gina a kan sabo ba shi da tabbacin aiki a kan tsoho. Ubuntu 20.04 da Debian 11 duka suna kan glibc 2.31, shi ya sa a da kake gini a nan ka tura can ba tare da ka san da wannan ƙa'ida ba. Yanzu kwamfutarka tana kan 2.39. Lambar 2.34 da kake gani tana da dalili na musamman. A wannan zubi, wanda ya fito a watan Agustan 2021, an shigar da libpthread da libdl cikin libc kanta, an kuma ba aikin da yake tayar da kowane shiri, mai suna __libc_start_main, sabon tambari. Tun da babu shirin da ba ya bi ta wannan ƙofa, ko shiri mai layi uku ka gina a kan 2.34 ko sama da haka zai nemi wannan tambari. Idan kana so ka gani da idonka, ldd --version zai gaya maka zubin kowace na'ura, objdump -T a kan shirinka kuma zai nuna tambarin da kowane aiki yake nema.

Mafita ita ce ka riƙa gini a kan mafi tsufan tsarin da kake son shirinka ya yi aiki a kansa. Ba sai ka mayar da kwamfutarka baya ba. Ka tayar da kwantenar Docker ko Podman, wato keɓantaccen tsari da yake gudana a cikin kwamfutarka, mai ɗauke da Debian 11, ka yi ginin a ciki, ka fitar da sakamakon. Wannan ita ce dabarar da masu rarraba ƙunshin Python suke bi da tsarinsu na manylinux, inda manylinux2014 ya ginu a kan CentOS 7 mai glibc 2.17, domin abin da aka gina a can ya yi aiki kusan ko'ina. Ɗaya hanyar ita ce ka ɗaga uwar garken zuwa Debian 12 mai glibc 2.36, sai dai ka lura cewa 2.36 har yanzu tana ƙasa da 2.39, don haka ranar da shirinka ya taɓa wani aiki mai sabon tambari matsalar za ta dawo da wata lamba.

Tambaya: Malam, bayan na koma 22.04, Python a cikin muhallin conda yana ba ni "libstdc++.so.6: version GLIBCXX_3.4.30 not found". Na bincika libstdc++ na babbar manhaja na ga yana da wannan lamba. To me yake nema kuma?

Amsa: Ka sake karanta saƙon tun daga farkonsa, Malam, ka dubi cikakkiyar hanyar da aka rubuta kafin sunan libstdc++.so.6. Ina kyautata zaton za ka ga tana cikin foldar conda ne, ba cikin /usr/lib ba. Wato laburaren bai ɓata ba, guda biyu ne masu suna ɗaya, kuma tsohon ne ya riga sabon shiga. Muhallin conda, wato keɓantacciyar folda mai ɗauke da nata Python da laburarori, yana tafe da nasa libstdc++, wanda ɗaga babbar manhaja bai shafe shi ba. Idan Python na conda ya fara loda wannan tsohon, sannan wani ɓangare ya jawo laburaren babbar manhaja da yake buƙatar tambarin 3.4.30, wanda ya zo da GCC 12, mai lodi ba zai loda na biyu mai suna iri ɗaya ba, zai ce wanda yake hannu bai isa ba. Gyaran shi ne ka sabunta ƙunshin libstdcxx-ng a cikin muhallin, ko ka sake gina muhallin daga jerin buƙatunsa.

Yana da kyau ka san jerin wuraren da mai lodi yake dubawa, domin irin wannan rikici ba a conda kaɗai yake faruwa ba. Yana fara duba hanyar RPATH idan an dasa ta a jikin shirin, sai LD_LIBRARY_PATH, sai RUNPATH, sai rajistar da ldconfig yake rubutawa a /etc/ld.so.cache, daga ƙarshe kuma foldodin asali irin /lib da /usr/lib. Duk wanda aka fara samu shi ne ya ci. Wurin da ya fi ɓoye irin waɗannan tsoffin fayiloli shi ne /usr/local/lib, inda duk abin da ka taɓa girkawa da make install yake zaune, manajan ƙunshi kuma ba ya taɓa wurin ko da an ɗaga zubi sau uku. Alamarsa ita ce "symbol lookup error" tare da "undefined symbol" a manhajar da ta zo daga rumbun hukuma, wadda bai kamata ta sami matsala ba. Idan ka rasa gane wanda ake lodawa, ka sa LD_DEBUG=libs a gaban umarnin, mai lodi zai rubuto maka kowace folda da ya leƙa da fayil ɗin da ya ɗauka. Ga masu amfani da venv, hanyar keɓe muhalli da take zuwa tare da Python, maimakon conda kuma, ku sani Python ya tashi daga 3.8 a 20.04 zuwa 3.10 a 22.04 zuwa 3.12 a 24.04, tsohon muhalli ba ya tsallake wannan canji, sai dai a share a sake ginawa.

Tambaya: Malam, ni Mac nake amfani da ita. Na sayi sabuwa, na kwaso komai daga tsohuwar, na kuma sabunta macOS. Yanzu wasu shirye-shiryen Homebrew suna cewa "Library not loaded", git kuma yana cewa "invalid active developer path".

Amsa: Na biyun shi ne mai sauƙi, Hajiya: sabunta macOS yakan bar kayan gini na tagar umarni a baya, kuma xcode-select --install zai dawo da su. Na farkon kuwa yana da tushe a yadda macOS take ɗaure laburare. A can shiri yakan riƙe cikakkiyar hanyar laburaren a jikinsa, ba suna kaɗai ba, saboda haka da zarar Homebrew, manajan ƙunshin da kike girka shirye-shirye da shi, ya sabunta wani laburare irin icu4c ya share tsohon, duk shirin da aka ɗaure da tsohon zai tsaya. Umarnin otool -L shi ne takwaran ldd a nan, kuma brew reinstall a kan shirin da yake kuka yakan wadatar.

Amma tun da kin ce kin kwaso komai daga tsohuwar na'ura, ki duba wani abu. Idan tsohuwar mai injin Intel ce, sabuwar kuma mai injin Apple irin waɗanda aka fara fitarwa a 2020, to Homebrew ɗinki na da yana /usr/local kuma na x86_64 ne, na sabuwar na'ura kuwa mazauninsa /opt/homebrew kuma na arm64 ne. Rosetta 2, wadda take ba shirin Intel damar aiki a kan injin Apple, tana iya gudanar da tsohon shiri gaba ɗayansa, amma shiri ɗaya ba ya haɗa laburaren wannan injin da na wancan. Umarnin file a kan kowane fayil zai gaya miki na wane inji ne. Ki fitar da jerin abin da kika girka da brew bundle dump, ki girka sabon Homebrew a mazauninsa, ki dawo da jerin, sannan ki cire tsohon. Kada kuma ki firgita idan otool ya ambaci fayil a /usr/lib kika duba ba ki gan shi ba. Tun daga Big Sur laburarorin babbar manhaja an cure su a rumbu guda, ba sa bayyana ɗaya-ɗaya a folda.

Tambaya: Malam, bayan na sake girka Windows, wata manhaja tana cewa ba a sami VCRUNTIME140.dll ba. Na sauko da fayil ɗin daga wani shafi na saka, sai saƙon ya koma 0xc000007b.

Amsa: Ka cire fayil ɗin da ka sauko da shi, ɗan'uwa, ka kuma bincike kwamfutar da manhajar kariya, domin ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba. VCRUNTIME140.dll ɓangare ne na ƙunshin Visual C++ Redistributable na Microsoft, wanda guda ɗaya yake ɗaukar manhajojin da aka gina da Visual Studio daga 2015 zuwa 2022, kuma daga shafin Microsoft ake sauko da shi kyauta. Lambar 0xc000007b galibi tana nufin an haɗa manhaja mai bit 32 da laburare mai bit 64, ko akasin haka. Ka girka ƙunshin x86 da na x64 duka biyu, domin abin lura shi ne yadda aka gina manhajar, ba irin Windows ɗinka ba, kuma manhaja mai bit 32 a kan Windows mai bit 64 ƙunshin x86 take nema. Sunayen foldodin ma suna rikita mai kwafi da hannu: a Windows mai bit 64, System32 ita ce take ɗauke da laburarori masu bit 64, masu bit 32 kuma suna cikin SysWOW64.